Taku Biyu da Kawu Ya Matsa

Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu. Labarin ya sami yawancin maza a gona, shi ya sa suka iso ƙofar gidan kowa da fartanyarsa a kafaɗa, ƙafafu duk laka, suka jingine su a jikin danga suka nemi ruwan alwala. Ni ina cikin aji a Bici aka kira ni a waya. Kafin in shiga birni, in sake mota zuwa Minjibir, in hau babur zuwa ƙauyenmu, har an yi masa wanka an sa shi a likkafani.

Cikin gida ba masaka tsinke. Wata tsohuwa da ban ma san ta ba ta zo da hoton mijinta a naɗe cikin leda, tana nuna wa duk wadda ta zauna kusa da ita. "Ba don bawan Allahn nan ba," in ji ta, "da jikokina ba su san kamannin kakansu ba." Daga waje kuma ana jiyo muryar maƙerin garinmu, wanda ya yi shekara arba'in yana yi wa Kawu ƙorafi a kan wata hula. Yana ba da labarin hular yana dariya, sai dariyar ta sarƙe shi, ya rufe fuska da hannun riga.

Aka ce 'yan'uwa na jiki su shigo su yi masa addu'a kafin a fita da shi. Muka shiga ɗaya bayan ɗaya muka durƙusa. Kowa ya ce, "Mun yafe maka, Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Matar Kawu ta faɗa, 'ya'yansa suka faɗa, ni ma na faɗa. Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa ɗaya tak da ta rage, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta durƙusa daidai kansa ta daɗe. Ina kusa da ita ina kallon bakinta, bai motsa ba. Matar Kawu ta taɓa gwiwarta ta ce a hankali, "Ki ce wani abu mana. Har jiya da yamma yana tambayarki." Inna ta dafa bango ta miƙe ta fita. Ko hawaye ba ta yi ba.

Duk wanda ke ɗakin ya gani, kafin la'asar kuwa duk wanda ke garin ya ji. Shekara shida ke nan Inna ba ta yi wa yayanta magana ba, ban da sallama da amsa ta, ita ma don kada a ce gaba take yi. Mutane suka yi kwana bakwai suna zuwa gaisuwa, suna yi wa mamaci addu'a da baki suna satar kallon Inna da ido. Abin da ya tsaya wa kowa a rai, ni kuwa ya hana ni cin abinci, shi ne an binne mutum ƙanwarsa ba ta yafe masa ba. Kuma ina da hannu a ciki, domin ni ce na ciro hoton da ya raba su daga jikin bango.

Bari in fara da shi kansa, kada wannan abu ya cinye shi duka, don ba shi kaɗai ne Kawu ba.

Manomi ne kafin komai. Gero da dawa da gyaɗa, da ɗan lambun albasa a bakin fadama. Hoto ya same shi ne a wajen cin rani a birni, inda ya yi 'yan shekaru yana wanke wa wani mai shago hotuna. Da zai dawo gida ya zo da wata baƙar kyamara mai kama da ƙaramin akwati, tana da ido biyu a gaba, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ba a kai ta fuska. Daidai cikinsa yake riƙe ta ya sunkuyar da kai ya leƙa ta sama, kamar mai duba tukunya ko ta nuna. Daga Minjibir har ƙauyukan da ke kewaye, suna ko biki ko dawowa daga Makka, in ba a ga kekensa a jingine a ƙofar gida ba, to taron bai cika ba.

Maganar hular maƙeri a farkon sana'arsa ta faru. Maƙeri ya sayi sabuwar hula domin Sallah, ya zo a ɗauke shi, ya ce lallai a matso kusa yadda ɗinkin zai fito. Kawu ya matso. Da aka wanko hoton, ga gemu, ga hanci, ga goshi yana ƙyalli, hula kuwa sai bakinta kamar an sa wuƙa an sare.

"Ni na ce maka goshi na saya?" in ji maƙeri.

Kawu ya rantse ya ga hular har tsininta lokacin da ya leƙa. Kuma gaskiya ya faɗa. Idon sama shi ne yake nuna wa mai ɗauka, idon ƙasa shi ne yake ɗaukar hoton, tsakaninsu kuwa akwai kamar yatsa uku. In abu yana nesa, yatsa ukun nan ba sa nufin komai. In yana kusa, su ne hula guda. Kawu ya sa wa abin suna gociya. Daga ranar ya ɗauki allura ya ja layi a saman gilashin da yake leƙawa, duk abin da ya haura layin in mutum yana kusa, ya san ba ya cikin hoto ko da yana ganinsa da idonsa. Ya sake ɗaukar maƙeri kyauta har sau biyu. Maƙeri ya karɓa, amma na farkon shi ya ajiye, don da shi yake jin daɗin tsokana.

Gociya ta zame wa Kawu abin magana har a inda babu kyamara. In mutum biyu suka kawo masa musu, ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Cewa yake, "Kai a ina kake tsaye lokacin?" Wasu na jin haushin wannan tambaya. Ni ma ina cikinsu, don ni mai son a yanke magana ce nan take a tashi, kuma bakina ba ya jiran izini. Malama yake ce mini tun kafin in zama malamar, saboda wai tun ina ƙarama ba a gaya mini, ni nake gaya wa mutane.

Abin da ya fi suna a kai shi ne dogon hoto. Filin Idi, ko gona da kaka, ko dangi in sun yi yawa har ba za su shiga hoto ɗaya ba. Sai ya tsaya wuri guda ya ɗauki huɗu ko biyar, yana juyawa kaɗan-kaɗan daga hagu zuwa dama. In an wanko su, ya shimfiɗa su a kan gilashi, ya daidaita inda ƙarshen wannan ya hau farkon wancan, ya yanke da sabuwar reza, ya liƙa da ƙaro a jikin kwali. Mutum zai duba ya kasa gane inda aka haɗa. Amma kafin ya ɗauka akwai wata hidima da ke ƙosar da jama'a. Yakan ɗaura zare a ƙarƙashin idon kyamarar, da ɗan dutse yana reto a ƙarshensa, ya kafa ƙusa a ƙasa. Duk juyawar da zai yi, sai ya tabbata dutsen yana daidai kan ƙusar. Mutane na tsaye a rana cikin manyan riguna, shi yana sunkuye yana jiran dutse ya daina lilo. In aka ce, "Malam, mun fa gasu," sai ya ce, "Gara ku gasu na minti biyu da in raba ku da kunnuwanku har abada." Mun ɗauka iyayi ne kawai irin na masu sana'a.

Da wayoyi suka zo, sana'ar ta mutu a hannunsa, bai kuwa yi wani ƙorafi ba. Ni na fara kawo waya mai yin dogon hoto gidanmu, ranar sunan ɗan ƙanwata. Na tara mata a tsakar gida, na miƙe hannu na share su da ita daga wannan bango zuwa wancan, ina taƙama. Da muka duba, wata goggonmu ta fito da kai biyu, turmi ya karye a tsakiya, wata akuya da ta gifta kuwa ga kai ga bindi amma babu ciki. Kawu ya yi dariya har da tari. Sannan ya karɓi wayar ya juya ta, ya nemi inda idonta yake.

"Ke jikinki kike juyawa, Malama, ita kuma tana yawo a ƙarshen hannunki. Duk inda ta je da sabon wurin tsayuwa. Ta yi ƙoƙarin ɗinke su, ta daidaita bangon can na nesa, na kusa kuwa suka goce. Ki bar idonta wuri ɗaya, ke ki zagaya ta."

Inna tana bakin murhu ta ce, "Yaya, ƙyale ta, ai gado ta yi. Kai hula kake ragewa, ita kai take ƙarawa."

"Auta, ki ji da tuwonki," in ji shi, "na ji ƙauri."

Haka suke. Ba a kwana uku bai zo ya zauna a kan turmin nan ba, tana aiki yana ba ta labarin da ta riga ta sani. Ina so a riƙe wannan, don wanda bai gan su a lokacin ba ba zai san abin da aka rasa ba.

A ɗakin Inna akwai dogon hoto guda, a saman gado, cikin katako da gilashi. Kawu ya ɗauke shi a gonarmu wata kaka da dawa ta yi kyau, ina goye a baya. Daga hagu gonar maƙwabcinmu ce, da bakin wata tsohuwar rijiya a ƙasan hoton. Can nesa ga wani rimi shi kaɗai a tsaye. Daga dama da rimin ga ɗorawa, gindinta a ɓoye bayan tulin dammuna. Sai Baba, hannunsa a kan dami, Inna a gefensa. Damina ta gaba Baba ya rasu. Wannan ne kaɗai hotonsa a duniya, ni a nan na san fuskarsa.

Ɗorawar nan ita ta raine mu. Mu biyar Baba ya bari, Inna kuma ba ta sake aure ba. Duk bazara takan sa a kaɗo mata, mu sha gari har bakinmu ya yi rawaya, kalwa ta zama daddawa, makuba, wato ɓawonta, ta tafi wajen masu yaɓe. Daddawar Inna har daga Minjibir ake aikowa a saya. Litattafaina da kayan makarantata duk warin daddawa suke, an tsokane ni a kai har na gaji da faɗa.

Iyakarmu da maƙwabci kowa ya san ta a baki: daga tsohuwar rijiya a miƙe zuwa rimi. A da akwai ciyawar gamba a kan layin. Amma rijiyar ta rufta tun ina firamare aka cike ta, garmar shanu ta bi ta kai shekara da shekaru, gambar ma ta ƙare. A ƙasarmu gona a jikin gona take, taku ɗaya ma abin magana ne. Duk da haka ba wanda ya ce uffan sai da tsohon maƙwabcinmu ya rasu, babban ɗansa ya karɓi gonar. Ba mugun mutum ba ne, shi ma iyali gare shi. Ya aiko da ladabi cewa mahaifinsa ya gaya masa ɗorawar tasu ce, bana yana so ya kaɗa. Inna ta ce ba ta san wannan zance ba. Magana ta je gaban mai unguwa.

Na zo daga Bici da zafina. Shi ɗan maƙwabcin ba shi da shaida, domin tsofaffin da suka san wurin duk sun tafi. Aka ce tunda haka ne, Inna ce abin ke hannunta, in ta rantse an gama. Ni kuwa na ce me ya kai mu rantsuwa ga hujja a bango? Na hau gado na ciro hoton. Inna ta ce, "Ke, mayar da shi." Ban mayar ba. Na ɗauka tsoron kada gilashin ya fashe take yi.

A zauren mai unguwa na shimfiɗa shi a kan tabarma, na yi bayani kamar ina gaban allo. Ga bakin rijiya, wato daga kan iyaka aka ɗauka. Ga rimi. Duk abin da ke dama da rimi namu ne. Ga ɗorawa a dama. Dattawa suka sunkuya suka duba suka gyaɗa kai. Ɗan maƙwabcinmu ma ya leƙa ya koma ya zauna. Mai unguwa ya ce hoto dai ba ya magana, amma ya ƙarfafa, don haka a cika da rantsuwa kowa ya huta. Ya aika a kira liman ya zo da Alƙur'ani.

Kawu yana zaune daga bakin ƙofa, ni na kira shi don ya ce shi ya ɗauka. Sai ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a dakata da kiran liman. Hoton nan ba daidai yake ba."

Ya matso ya sa farce a wani wuri kusa da rimin, inda in ka ƙura ido za ka ga siririn layi.

"Nan na haɗa. Biyun farko a bakin rijiya na ɗauke su. Da na zo na uku, dami ya rufe fuskar mai gonar, sai na matsa taku biyu hagu don in same shi. Da na zo liƙawa, ɗorawa ta fito mini sau biyu, ɗaya hagu da rimi ɗaya dama. Dole in yanke ɗaya. Na bar wadda ke tare da fuskarsa. Daga ranar nan na fara ɗaura zare da dutse."

Na ce, "Kawu, taku biyu ne za su ɗauke bishiya daga wata gona su kai ta wata?"

Ya ce, "Tashi mu je, Malama."

Duka zauren aka tashi aka tafi gona, rana tsaka. Ya tsayar da mai unguwa a wani wuri ya ce ya dubi rimi, ya dubi ɗorawa. Tana hagu. Ya kama hannunsa ya ja shi taku biyu hagu. Ta koma dama. Tsohon ya dawo, ya sake matsawa, ya sake dawowa, yana cewa, "Ikon Allah, ikon Allah." Kawu ya ce ɗorawa tana kusa, rimi yana nesa, na kusa shi ke gudu in ka motsa. Sannan ya nuna inda yake tuna rijiyar take. Aka kawo diga. Ba a yi gwiwa ba aka ci karo da marmarar bakinta. Kowa ya hau ya duba da idonsa, har da ni. Ɗorawa tana hagu da rimi, da kamar taku guda.

Wani dattijo ya juya wajen Inna ya ce, "To ke da za ki rantse fa?"

Kawu ya riga ta. "Ita ba ta san komai ba. Abin da ta gani a bangon ɗakinta shekara talatin shi ta gaskata. Laifin hannuna ne, a ɗora mini."

Inna ta ja mayafinta ta bi hanyar gida. Ba ta dube shi ba.

Ni ma ban bar shi ba, kuma wannan yana cikin abin da nake kuka a kai yau. Na same shi a gida na gaya masa maganganu. Na ce da ya yi shiru wa zai sani? Na ce ya zaɓi bare a kan jininsa, ya cire wa gwauruwa abinci daga baki don a ce masa mai gaskiya. Yana gyara sarƙar kekensa, bai ɗago ba sai da na gama. Ya ce, "Kin gama, Malama? To ki sha ruwa." Ni fushina ba ya kwana da yawa, bayan wata biyu na je na ba shi haƙuri. Amma abin da na faɗa a ɗaki, gari ya ci gaba da faɗarsa a waje. Wasu suka ce ya ci amanar ƙanwarsa. Masu raha kuwa suka samu abin yi. In ya wuce majalisa sai a ce, "Malam, wanda ka yi mana na Idi fa, ba ka matsa ba dai ko?" Yakan yi murmushi ya wuce. Matarsa ta ce mini daga lokacin ya sa kyamarar a akwati, bai sake fito da ita ko don gogewa ba.

Bai daina zuwa gidanmu nan da nan ba. Yakan yi sallama, Inna ta amsa daga ɗaki, ya zauna a kan turmi shi kaɗai na ɗan lokaci, ya ce, "To, Auta, na wuce." Sai ta ce, "A gai da gida." Shi ke nan. Da ya ga zuwansa yana hana ta fitowa tsakar gidanta, ya rage. Ya samo dashen ɗorawa ya dasa a tsakiyar gonarmu, inda ba mai cewa komai, ya kewaye da ƙaya, da rani yana kai mata ruwa a jarka a bayan keke, mutum mai shekara saba'in da wani abu. Awaki suka cinye ta. Ya sake dasa wata, ita ma ba ta yi ba. Inna ta koma sayen kalwa a kasuwa, daga baya ta bar daddawar gaba ɗaya, ta ce bayanta ne ke ciwo.

Jinyarsa mako biyu ce. Inna ta je sau ɗaya, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi," ta juya. Na zo ranar Asabar na same shi ya rame, amma hankalinsa garau. Na ce zan je in kawo ta ko da ja ne. Ya riƙe mini hannu. "Kada ki takura mata. Ba ki san daga inda take kallo ba." Na ce, "Kawu, har a kan gadon ciwo?" Ya yi 'yar dariya. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Washegarin sadakar bakwai, da safe, na haɗa kayana zan koma Bici. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da faifai a cinya tana tsintar wake. Na yi niyyar in yi mata sallama in tafi da girmana da nata. Bakina bai yarda ba.

"Inna, mutum ya mutu. An binne shi. Me ya rage kuma? Kalma biyu ce, na yafe. Bishiya ce fa, Inna, bishiya!"

Ta ci gaba da tsintar wake. Har na ɗauki jaka, sai ta ce, "Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Ɗorawar nan aro ce. Shekarar da aka haife ki tsohon maƙwabcinmu ya ce wa babanku mu riƙa ci, tunda su suna da uku a ɗaya gonar. A gabana aka yi, Yaya ma yana wurin. Da babanku ya rasu tsohon bai karɓa ba, ya ga marayu. Ni kuma na ci na ci har na daina tunawa da gangan."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ranar nan da alwalata na fita daga gida. Na san za a kawo Alƙur'ani, na kuma shirya zan dafa. Na ce wa raina ai saboda 'ya'ya ne, alhali duk kun girma. Yaya ya dubi hannuna ya ga danshin ruwa, na ga ya gani. Da ya so, kalma ɗaya zai faɗa, ya ce ta sani. Sai ya ɗauki hotonsa da ya fi so ya ce shi ne mai laifi. Ya tsaya a gaban dattawa ya ce ban san komai ba."

Ta ajiye faifan a ƙasa.

"Ku kuna cewa fushi nake. Wane fushi? Idonsa ne ba na iya kalla. In ya zauna a kan turmin can ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Kullum ina cewa gobe zan je, gobe zan je. Sai ga shi a kwance ana ce mini in yafe masa. In yafe masa me? Da wane bakin?"

Shekara shida ina ganin na san wa aka zalunta a gidanmu.

"Ke kina rubutu," in ji ta. "Ki rubuta yadda aka yi, har da alwalar, kada ki rage don ni. A karanta a gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa da duk wanda ya ce ya ci amanata. Ƙarya ɗaya na san Yaya ya yi a duniya, kuma saboda ni ya yi ta. Ba na so a tambaye shi ita shi kaɗai."

Sai a lokacin ta yi kuka, irin wanda ban taɓa ji daga gare ta ba ko a rasuwar Baba da ake ba ni labari. Na riƙe ta. Ban koma Bici a ranar ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Manomi ne, ya ajiye wa mutane da yawa fuskokin iyayensu, ya tare ƙanwarsa daga wuta da mutuncinsa, bai kuma taɓa goranta mata ba. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa makwanci, ka sada shi da mahaifina da iyayensu cikin rahamarka. Mu da muka yi masa mummunan zato, ka yafe mana, ni ce ta farko.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan karanta wannan a tsakar gidan Kawu. An aika wa mai unguwa da ɗan maƙwabcinmu. Na ce wa Inna ba sai ta je ba, tana iya zama a gida in gaya mata yadda aka yi. Ta ce a'a, a shimfiɗa mata tabarma a gaba.